Firij ɗin da aka ɗauke wa wuta ba ya riƙe abinci

'Yan uwana iyaye mata, assalamu alaikum. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan shi ne yaran da ake ta kawo mana ɗakin shan magani tun da zafi ya shigo: amai, gudawa, murɗawar ciki, wani har idonsa ya faɗa. Sau da yawa wa da ƙani ake kawowa tare, wani lokaci har da uban. In na tambayi uwar me suka karya da shi, sai ta ce, "Wallahi Malama abincin gida ne, ni na yi da hannuna." Na yarda, amma yaushe kika yi shi? Sai ta ƙirga da yatsu ta ce ran Lahadi. Ga shi ranar Laraba muke magana.

Yanzu an shigo da wani yayi daga bidiyoyin TikTok da Facebook, na haɗa karin kumallon mako guda a zama ɗaya. Wanda aka fi yi shi ne burito, abincin mutanen arewacin Meziko da ya bazu a Amurka: a soya ƙwai, a haɗa da dankalin turawa da niƙaƙƙen nama ko wake, a naɗe cikin siririyar gurasar fulawa kamar shawarma. A yi goma ko ashirin, a jera a firiza, kullum da safe a ɗauki ɗaya a ɗumama. Ni ban ga laifin dabarar ba. Matar da za ta tashi da asuba, ta yi wa yara huɗu wanka, ta shirya su makaranta, ita ma ta fita aiki, dole ta nemi sauƙi. Ƙwai da wake da dankali kuwa abinci ne mai gina jiki, ya fi shayi da busasshen biredi nesa ba kusa ba.

Sai dai baturiyar da kika kalla a waya, firizarta ba ta mutuwa. Taki fa? A kawo wuta ƙarfe goma na dare, a ɗauke kafin asuba. Abincin ya fara daskarewa, ya saki, ya jiƙe, gobe ya sake daskarewa, jibi ya sake saki. Ke kuma hankalinki kwance, tunda ai yana cikin firij. Wannan ita ce ɗabi'ar da ta dame ni, kuma ita nake so mu bari. Firij ɗin da ya wuni babu wuta akwati ne kawai mai murfi. In ba a buɗe shi ba, kamar awa 4 yake riƙe sanyin da zai kare abinci. Firiza in ta cika maƙil tana iya kaiwa awa 48, in rabi ce awa 24, shi ma da sharaɗin kayan sun riga sun daskare kamar dutse kuma ba a buɗe ta. A wane gida ne ba a buɗe firiza? Wannan ya zo neman ruwan sanyi, wancan ya zo ɗaukar zoɓo, maƙwabciya ta aiko a ajiye mata kifi.

Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin zafi, kuma ƙwai da nama da dafaffen wake su ne gonarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje. In zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce. Mu da muke ganin digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi a watan Afrilu, sai ki yi wa kanki lissafi.

Kuma don Allah a daina ce mini "na shinshina, bai yi komai ba." Kullum sai na ji wannan magana, kullum! Hancinki ba ya jin ƙwayar cuta. Abinci yana iya yin kyau a ido, ƙamshinsa lafiya lau, ya kwantar da gida guda. Wasu kuma su ce ai sun ɗumama. Wace irin ɗumamawa? An ɗora a kasko minti biyu, bayan ya yi zafi, tsakiyar da sauran sanyi, an miƙa wa yaro yana gudu kada ya makara. Ko da an ɗumama sosai ma, akwai ƙwayoyin da ke barin dafi a cikin abincin da ya daɗe a ɗumi, wuta ba ta kashe wannan dafin. Abin da ya riga ya lalace, tukunya ba ta gyara shi.

Na san abin da ke ranku, don ni ma uwa ce, kasuwar da kuke zuwa nake zuwa. Kiret ɗin ƙwai ya yi tsada, nama ba a magana, zubar da abinci kuma yana da ciwo, ga tsoron almubazzaranci. Amma ku dubi abin da ake kashewa in yaro ya kwanta: kuɗin mota, kuɗin ƙarin ruwa, allurai, kwana biyu uwa ba ta je sana'arta ba. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna gurɓataccen abinci na kashe mutum 420,000 duk shekara a duniya, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Babba ya yi gudawa ya miƙe. Ƙaramin yaro ruwan jikinsa kaɗan ne, dare ɗaya ya isa ya galabaitar da shi. Kada kuma ki ce tunda kina shakka bari ki ba almajiri ko mai aikinki. Su ma 'ya'yan wasu ne, cikinsu irin na ɗanki ne.

Ga abin da za ki yi, a taƙaice:

- In ba ki da sola ko janareta mai riƙe firiza dare da rana, kada ki yi na mako. Ki yanka albasa da tattasai da daddare, ƙwan kuwa a soya da safe, minti biyar ne.
- In wutarki tsayayya ce, ki soya ƙwai har ya ƙafe, nama ya nuna sosai. Ki baza haɗin a faranti ya huce da wuri, ki naɗe, ya shiga sanyi kafin awa 1 ta cika.
- Na firij kada ya wuce kwana 3. Sauran a firiza, kowanne a ledarsa, ki rubuta ranar.
- Kabeji, kokwamba, latas da mayonis ba sa shiga wanda za a ajiye.
- Ɗumamawa sau ɗaya ce, har tsakiya ta yi tururi. Ki yanka ki gani.
- Wanda ya narke ya wuni a ɗumi, a zubar. Kada ya koma firiza.

Sai maganar kular makaranta. Ki zuba abincin da zafinsa, ki gaya wa yaro ya cinye a tara ta farko. Abin da ya dawo da shi ƙarfe biyu na rana ba na ƙaninsa ba ne, na shara ne.

In kuma abin ya riga ya faru, yaro ya fara gudawa, ki haɗa masa ORS, wato garin gishiri da sukari na asibiti, nan take, ƙunshi ɗaya a lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ki ci gaba da ba shi nono da abinci. Ki karɓi ƙwayar zinc, a sha kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. Kada ki tura kemis a haɗo miki maganin tsayar da zawo. In kin ga jini a bayan gida, ko amai ya hana shi riƙe ruwa, ko ya daina fitsari, ko jikinsa ya saki yana ta barci, ki ɗauko shi ki kawo mana ko da tsakar dare ne. Kada ki jira Malam ya dawo daga kasuwa, ki kira shi a waya kina hanya.