Matakan Ƙololuwa na Baƙar Ɗamara da Yadda Ake Bayar da Su

Baƙar ɗamara ita ce alamar da ɗan wasan judo, karate, taikwando ko jujitsun Birazil yake ɗaurawa a ƙugu idan ya fita daga sahun 'yan koyo ya shiga sahun masu mataki. Jama'a da dama suna ɗaukar ta a matsayin ƙarshen ilimi, alhali a wurin masu abin ita ce ƙofar shiga, domin a cikinta akwai darajoji har goma da ake hawa ɗaya bayan ɗaya. Kowace daraja sunanta "dan", kalmar Jafananci ce mai nufin matakala, kuma ba ta da wata dangantaka da "ɗan" na Hausa. Matakan farko ana samun su ne da ƙarfin jiki, da nasara a gasa, da cin jarrabawa. Da zarar an doshi na takwas, na tara da na goma, sai ma'auni ya koma kan shekarun da mutum ya ƙarar yana koyarwa, da hidimar da ya yi wa wasan, da hukuncin manyan da suka san shi.

Asalin tsarin

Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo ya kuma kafa makarantarsa ta Kodokan a birnin Tokiyo a 1882, shi ne ya shigo da tsarin dan cikin wasannin faɗa. Ya aro shi daga wasan go, wani wasan tunani da ake yi da duwatsu baƙaƙe da farare a kan allo, wanda tun ƙarni na 17 ake jera gwanayensa a matakai. Kafin Kano, tsofaffin makarantun jujitsu, wato dabarun faɗa na gargajiyar Jafan, takarda suke ba almajiri, mai shaida cewa an danƙa masa wani kaso na sirrin gidan, kuma tsakanin takarda da takarda akan ɗauki shekaru masu yawa. A 1883 Kano ya ba almajiransa biyu, Tsunejiro Tomita da Shiro Saigo, matakin farko da ake kira shodan, wato "matakin fari". Ɗaura baƙar ɗamara ya biyo baya da 'yan shekaru. Shi kansa Kano bai riƙe wani mataki ba har ya rasu a 1938, da laƙabin shihan, babban malami, ake kiran sa.

Wajen 1930 Kodokan ta fito da ɗamara mai gutsattsarin ja da fari a jere domin manyan malamai. A ƙa'idar yau, masu mataki na shida zuwa na takwas suke da ikon ɗaura ta, na tara da na goma kuma su ɗaura ja zalla. Wannan ado na buki ne da taro. A ranakun atisaye, dattijo mai mataki na takwas yakan shigo da tsohuwar baƙar ɗamararsa wadda ta koɗe ta fara zarewa a gefe, ba kuma wanda zai ce ya saɓa doka.

Hawan matakala a Kodokan

A matakan ƙasa, abu uku ake dubawa: makin da ɗan wasa ya tara a gasa, tsawon lokacin da ya yi a matakin da yake kai, da iya kata, wato jerin dabarun da mutum biyu suke gabatarwa bisa tsari tabbatacce. Wanda yake cin gasa yana rage wa kansa shekarun jira, wanda ba ya gasa kuwa jiransa yakan ninka. Akwai ma hanyar gaggawa da ake kira batsugun: a gasar ja da fari ta Kodokan, idan mutum ya kayar da abokan karawa da dama a jere ba tare da ya sauka daga tabarma ba, ana iya ɗaga shi a ranar.

Kowane mataki da katar da ake nema a gare shi, kuma jerin nasu yana nuna inda tsarin ya dosa. Mai neman matakan farko yana nuna katar kayarwa da ta dannewa a ƙasa, abubuwan da matashi yake amfani da su a gasa. Mai neman na bakwai ana tambayar sa Itsutsu no Kata, motsi biyar waɗanda ba su da suna sai lamba, suna kwaikwayon yadda ruwa yake turawa, yake juyawa, yake janyewa. Mai neman na takwas kuma sai ya gabatar da Koshiki no Kata, dabaru 21 da Kano ya gada daga tsohuwar makarantar jujitsu ta Kito, waɗanda ake yin su a hankali, da nauyin jiki, tamkar mutanen biyu suna sanye da sulken yaƙi. Alƙalai suna duba tsayuwa, da tazara, da numfashi, da natsuwar mai yi. Ko a wannan shekaru ba a raba mutum da kokawa gaba ɗaya ba, domin kowace shekara a watan Afrilu ana yin gasar manyan masu mataki a Kodokan, inda furfura take karawa da furfura, kuma halartarta tana shiga cikin lissafin ƙarin girma.

Bayan na takwas babu sauran jarrabawar da mutum zai nema ya zauna. Majalisar tantancewa ce take duba masu cancantar mataki na tara, tana auna almajiran da mutum ya yaye, da muƙaman da ya riƙe, da abin da ya rubuta ko ya bincika, da halinsa a tsakanin jama'a. Na goma kuwa yana hannun shugaban Kodokan.

Mutum goma sha biyar

Daga kafuwar Kodokan zuwa 2006, mutum 15 kacal ta ba mataki na goma, dukkansu maza, dukkansu Jafanawa. Uku ne aka ba a zamanin Kano. Na farko shi ne Yoshitsugu Yamashita, wanda ya koya wa shugaban Amurka Theodore Roosevelt judo a 1904, kuma an ba shi ne a 1935 bayan rasuwarsa. Hajime Isogai da Hideichi Nagaoka suka biyo a 1937. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Kyuzo Mifune, ɗan ƙaramin mutum marar nauyi wanda aka ɗaga a 1945, ya kuma riƙe matakin shekara ashirin har ya rasu a 1965. Hotunan majigi da aka ɗauka yana tsoho suna nuna shi yana kayar da samari da suka fi shi girma nesa ba kusa ba, ba tare da alamar yunƙuri ba, shi ya sa har yau idan ana maganar abin da mataki na goma ya kamata ya zama, sunansa ake fara kawowa.

Jerin ya nuna cewa ba gwanintar tabarma kaɗai ake sakawa ba. Matsutaro Shoriki, mai jaridar Yomiuri, wanda ya jagoranci gina zauren Nippon Budokan da aka yi gasar judo ta Olamfik ɗin 1964 a cikinsa, ya samu nasa a 1969 bayan ya rasu. Ya yi judo tun yana ɗalibi, amma hidimarsa ta dukiya da faɗa a ji ce ta kai shi can, kuma mai karanta jerin ya kamata ya bambance irin wannan karramawa da ta su Mifune. Tsakanin 1967 da 1979 duk waɗanda aka ba matakin, su huɗu, sai da suka bar duniya tukuna. Sumiyuki Kotani ya same shi da ransa a 1984, kuma bayan rasuwarsa a 1991 aka yi shekara goma sha biyar babu mai wannan daraja a raye.

Ranar 8 ga Janairun 2006, a bikin Kagami Biraki da ake buɗe sabuwar shekara da shi a Kodokan, shugabanta na lokacin, Yukimitsu Kano, jikan wanda ya kafa ta, ya ɗaga mutum uku a lokaci guda: Toshiro Daigo, zakaran Jafan na 1951 da 1954 wanda ya daɗe yana shugabantar koyarwa a makarantar, da Ichiro Abe, wanda ya yi shekaru yana yaɗa judo a Faransa da Beljiyam, da Yoshimi Osawa, gwanin share ƙafa kuma malami a Jami'ar Waseda. Kowannensu yana wajen shekara tamanin a lokacin. Daigo ya rasu a 2021, Abe da Osawa suka bi shi a 2022.

Waɗanda wasu hukumomi suka ɗaga

Da judo ya bazu a duniya, sai Hukumar Judo ta Duniya da hukumomin ƙasashe suka fara bayar da nasu matakan. A 1997 hukumar duniya ta ba Anton Geesink na Holand mataki na goma, shi ne wanda ya ci kambun duniya a 1961, ya kuma doke Akio Kaminaga a gaban Jafanawa a Olamfik ɗin 1964. Haka ma ta ba Charles Palmer na Birtaniya, tsohon shugaban hukumar. Faransa ta ba Henri Courtine a 2007, hukumar duniya ta ƙara George Kerr na Sikotland a 2010. Kodokan ba ta lissafa waɗannan a cikin nata jerin, don haka duk mai ambaton mataki na goma a judo sai ya faɗi wanda ya bayar.

Labarin Keiko Fukuda ya fi kowane fito da yadda ikon bayarwa yake iya danne mai haƙƙi. Kakanta Hachinosuke Fukuda shi ne malamin jujitsu na farko ga Kano, kuma Kano da kansa ya gayyace ta shiga sashen mata, ta fara a 1935. Ta kai mataki na biyar a 1953, sai ta tsaya cak kusan shekara ashirin, saboda a lokacin ba a ɗaga mace sama da nan komai iliminta. A 1972 aka ba ta na shida, bayan almajiranta da ƙawayenta a Amurka sun kai koke. Kodokan ta ba ta na tara a 2006, mace ta farko da ta kai nan, sannan hukumomin judo na Amurka suka ba ta na goma a 2011 tana da shekara 98, tana zuwa aji a keken guragu a San Faransisko. Ta rasu a 2013. Shekarun da aka riƙe ta ba su da wata hujja a cikin wasan kansa, al'adar zamanin ce kawai ta hana.

Sauran wasannin

Kendo, wasan takobin gora, yana bin tsarin dan ko da yake ba a ɗaura ɗamara mai launi a cikinsa, kuma ya bi hanya dabam. A 2000 hukumar kendo ta Jafan ta daina bayar da na tara da na goma, ta mai da na takwas ƙololuwa, ta kuma bar shi a matsayin jarrabawar da ake ci da jiki. Mai nema sai ya cika shekara 46, ya kuma yi shekara goma a mataki na bakwai, wanda idan aka haɗa da jiran baya yakan zama shekara 31 aƙalla daga matakin fari. Ana kiran sa da lamba, ya fito ya kara da abokan nema biyu, kowace karawa minti biyu, alƙalai suna zaune a jere suna kallo. Wanda ya tsallake ya sake yin haka a zagaye na biyu a gaban wasu alƙalan, sannan ya gabatar da kata. Masu ci ba sa wuce kimanin ɗaya cikin ɗari, kuma akwai dattawan da suke komawa shekara bayan shekara. Wannan tsari yana da tsanani, amma yana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: hukuncin yana kan abin da aka gani a fili a wannan rana.

A taikwando, cibiyar Kukkiwon da aka buɗe a birnin Seoul na Koriya ta Kudu a 1972 ita take bayar da takardun da aka fi yarda da su. Na tara ne matakin da ake kaiwa da jarrabawa, bayan shekara tara a na takwas, kuma mai neman manyan matakai yana gabatar da rubutaccen bincike tare da nuna jerin motsin da ake kira pumse. Na goma girmamawa ce, galibi ga wanda ya rasu.

Jujitsun Birazil ya dogara kusan kacokan a kan lokaci. A ƙa'idar babbar hukumarsa, darajoji ukun farko na baƙar ɗamara shekara uku-uku ne, uku na gaba shekara biyar-biyar, sai shekara bakwai kafin ɗamara mai ja da baƙi, wasu bakwai kafin mai ja da fari, sannan goma kafin jar ɗamara ta daraja ta tara. Jimilla shekara 48 ke nan mutum yana cikin wasan, don haka wanda ya ɗaura baƙa yana da shekara 19 ba zai ga ja ba sai ya kai 67. Daraja ta goma an keɓe ta ga 'yan'uwan gidan Gracie biyar da suka assasa wasan: Carlos, Oswaldo, Gastão, George da Hélio.

Karate shi ne ya fi rarrabuwa. Gichin Funakoshi ya ɗauki tsarin Kano, ya ba almajiransa matakin fari a 1924, kuma bai taɓa ɗaga kowa sama da na biyar ba. Bayansa wasan ya kasu gida-gida, kowace ƙungiya da majalisarta da takardarta. Masatoshi Nakayama, wanda ya jagoranci Ƙungiyar Karate ta Jafan shekaru da yawa, sai bayan rasuwarsa a 1987 aka ba shi na goma, alhali a wasu wurare mutum yakan kafa ƙungiyarsa yau, gobe ƙungiyar ta naɗa shi. Saboda haka masu abin, idan aka gabatar musu da wani babban malami, sukan tambayi wa ya koyar da shi, shekara nawa ya yi a hannunsa, da kuma sa hannun wa ke kan takardarsa.

Akwai kuma matakan girmamawa da hukumomi suke ba shugabannin ƙasashe da manyan baƙi, waɗanda ba sa nuna iya wasa, kuma mai bayarwa yana iya karɓe abinsa. Hukumar Taikwando ta Duniya ta ba shugaban Rasha Vladimir Putin mataki na tara na girmamawa a 2013, ta kuma janye shi a 2022 bayan sojojin Rasha sun shiga Yukiren.