Hotspot da Xender ba laifi ba ne, busta doka ta hana

Kwana biyun nan wata murya na yawo a WhatsApp, wai za a fara kama duk wanda ya kunna hotspot ko ya yi turi da Xender babu lasisi. Har wani yaro mai tura fina-finai a Ƙofar Ƙaura ya tare ni, "Malam, da gaske ne?" Ba gaskiya ba ne.

Wifi da Bluetooth da turin waya zuwa waya galibi suna bin zangon igiyar rediyo na 2.4 GHz ne, wanda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sake wa kowa babu lasisi, muddin na'urar na cikin waɗanda ta amince da su. Sai dai babu mai kare ka a can. A jerin shagunan da kowa ke da wifi ɗinsa, tashoshi uku kaɗai ne, 1 da 6 da 11, ba sa hawan juna. In na maƙwabci ya danne naka, ba ka da ƙarar kaiwa, sai ka sauya tasha.

Abin da aka ji aka juya shi ne maganar busta, akwatin nan mai eriya da ake kafawa kan rufi don jawo sabis. A 2021 NCC ta gargaɗi masu sayarwa da masu amfani da ita, tana dogaro da sashe na 131 na Dokar Sadarwa ta 2003: tarar da ba ta wuce naira 100,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun. Ta kuma ce za a ƙwace na'urar.

Mai busta zai ce, "Ai da kuɗina na saya, kuma a gidana take." Wannan ba hujja ba ce. Busta tana watsa sigina ne a zangon da kamfanonin waya suka biya lasisinsa, kuma mara inganci tana mayar wa turken sadarwa da hayaniya. Kai sabis ya cika maka, maƙwabta kiransu na yankewa, ba su san dalili ba. Kamfanin layi ne kawai ke da ikon kafa ta.

Dokar tana da dalili, na yarda. Amma mutumin Batsari ko Jibiya da aka taɓa yanke wa layi gaba ɗaya a 2021, wanda yake fita tsakar gida yana ɗaga waya sama, ba don son karya doka ya nemi busta ba. In kana da ita, kashe ta, ka kai kuka wa kamfaninka. In sun yi biris, lambar ƙorafi ta NCC ita ce 622, kuma kyauta ce.