Lambar 112 da rediyon oba-oba: wa doka ta ɗora wa nauyi?

Mutane da yawa a Zariya ba su san cewa doka ce ta haifar da lambar 112 ba. Sashe na 107 na Dokar Sadarwa ta Najeriya ta 2003 ya ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, nauyi biyu. Na farko, ta ware lamba ɗaya da kowa zai kira in yana neman ɗauki. Na biyu, ta share fagen kafa kayan sadarwar gaggawa a duk faɗin ƙasa, waɗanda za su ɗauki saƙo daga bakin mai kira har ya isa kunnen mai kai agaji ba tare da ya tsinke a hanya ba.

Na farkon ya samu. Kiran 112 kyauta ne a kowane layi, ko babu ko sisi a wayarka. Kiran kan faɗa cibiyar karɓar kiran gaggawa ta jiha, kuma Kaduna na cikin jihohin da ke da ita. Jami'in da ya ɗauka zai tambayi abin da ya faru da inda ya faru, sai ya miƙa ga waɗanda abin ya shafa: 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, jami'an kiyaye haɗurra, Sibil Difens ko motar asibiti.

A na biyun ne gizo ke saƙar. A ce tirela ta take mai babur a Kwangila da ƙarfe goma na dare. An kira, an ɗauka, an rubuta. To ta yaya labarin zai kai ga direban motar asibitin da ta fi kusa? In wayar salula aka dogara da ita, sai an bi mutane ɗaya bayan ɗaya: wannan a kashe, wancan ba sabis, shi kuwa mai rauni yana kwance a bakin titi, ga asibitin koyarwa na Shika ba wani nisa ba. Da oba-oba kuwa, danna maɓalli ɗaya ya isa duk motocin da ke kan zango ɗaya, wato tashar rediyo ɗaya, su ji a lokaci guda. Na zamani, wato na dijital, ya fi tsohon: murya na fita tar, ana iya kulle maganar yadda ɓata-gari ba za su saurara ba, wasu ma suna nuna wa mai tura motoci inda kowace mota take a fuskar kwamfuta.

Sai dai hukuma ba za ta sayo rediyo kawai ta kunna ba. Tsarin mulkin 1999 ya sanya harkar tarho da sadarwa ta iska a hannun gwamnatin tarayya kaɗai. Dokar 2003 ta kafa majalisar da ke rabon zangon rediyo ta ƙasa, sannan tsohuwar dokar sadarwa ta iska ta 1961 ta hana aiki da na'urar aika saƙo ba lasisi. Ko ƙungiyar sintiri ta unguwa ce ke son oba-oba mai cin dogon zango, wannan sharaɗin ya hau kanta. Hikimar a fili take: kada wani ya kutsa zangon 'yan kwana-kwana ana tsakiyar kashe gobara.

Abin da ke damuna shi ne dokar 2003 ba ta tilasta wa jiha sayen rediyo ko gyara eriya ko zuba wa mota mai ba. Hukumar kashe gobara ta jiha da motocin asibitocin jiha, kasafin Kaduna ne ke ɗaukarsu. Don haka mai son gyara, ɗan majalisar jiha da ke wakiltar Zariya ko Sabon Gari zai tara da tambaya: nawa aka ware wa sadarwar gaggawa bana, kuma rediyon da za a saya zai iya magana da na 'yan sanda?

Mu ma da namu aikin. Lungunan cikin birni ba su da lambar gida, saboda haka in ka kira, fara da sanannen wuri, kamar Ƙofar Doka ko Babban Dodo, ka faɗi masallaci ko makarantar da ke kusa, ka tura yaro bakin titi ya taro motar. Iyaye kuma a ja wa yara kunne kan kiran wasa, domin layin da suka tare wani ne ke nemansa da rai a hannun Allah.