"Haƙori ne" da "sanyi ne": kalmomi biyu da suke cinye mana yara

Wata safiya a tsakiyar hunturun bara, ko rajistar marasa lafiya ban buɗe ba, wata tsohuwa ta shigo ɗan asibitinmu rungume da jikanta, uwar yaron na biye da ita tana share hawaye da bakin mayafi. An naɗe shi da zani uku, ga hular sanyi, ga ƙamshin man zafi ya cika ɗakin. Watansa bakwai.

Na ce, "Inna, tun yaushe yake haka?"

Ta ce, "Yau kwana uku, 'yar nan. Sanyi ne ya kama shi. Mun gasa masa ƙirji, mun shafa masa mai, har sirace an yi masa. Jiya ne dai ya ƙi kama nono."

Na warware zannuwan, na ɗage rigarsa, na ajiye wayata a gefe ina kallon agogo. Cikin minti ɗaya yaron nan ya ja numfashi sau 64. Duk jan da zai yi sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa ciki, kamar ana matsa shi da hannu. Wannan ya fi ƙarfin ƙwayar da ke kantarmu, iskar oksijin yake buƙata, mu kuwa ba mu da ita. Na yi masa allurar farko, na rubuta takardar tura su babban asibiti. Daga nan aka shiga wani jiran kuma, domin maigidan ya tafi cin kasuwa, kuma babu mai iya cewa a ɗauki mota sai shi. Sai bayan azahar suka tashi. Allah Ya yi da sauran kwanansa, yanzu haka yana tafiya da ƙafarsa. Amma na ga irinsa da ba su dawo ba.

Abin da Inna ta kira sanyi, shi ne ciwon huhu, wanda wasu ke ce wa nimoniya ko ciwon haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 kaɗai ya kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara biyar, wato kashi 14 cikin ɗari na duk mutuwar yara masu waɗannan shekaru. Ita kuma gudawa, a lissafin hukumar, tana ɗauke yara sama da 440,000 duk shekara. Haɗa biyun ka ga an haura miliyan ɗaya, kuma mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya suke. Da Asusun UNICEF ya fitar da ƙiyasin 2018 na yaran da ciwon huhu ya kashe, Najeriya ce a sama da 162,000. Indiya, da duk yawan jama'arta, 127,000 ne. Sai Pakistan da 58,000, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da 40,000, Habasha da 32,000. Ranar da na fara jin wannan a wajen wata bita, sai da na ce a maimaita, na zaci kunnena ne.

Abin takaicin shi ne babu ɗaya cikin cututtukan nan biyu da ya gagari magani. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da shiri guda na yaƙar su tare, suka sa 2025 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen mutuwar da za a iya kauce mata. An ma ware 12 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da ciwon huhu. Duk wannan yana da kyau. Sai dai ni da nake zaune a kan benci ina karɓar yara, na san ba a Janiba, hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya, ake yanke hukuncin rayuwar yaro ba. A tsakar gida ake yankewa, cikin kwana biyu ko ukun farko, lokacin da ake ta cewa a bari a gani zuwa gobe.

Iskar hunturu ba ita ce cutar ba. Ƙwayoyin cuta ne ke sauka cikin huhu, 'yan ƙananan jakunkunan da iska ke shiga su cika da ruwa da mugunya. Wurin shigar iska ya ragu, sai yaro ya riƙa numfashi da sauri don ya cike giɓin. Shi ya sa saurin numfashi ne alamar da ba ta ruɗi, kuma uwa na iya gane ta ba tare da wata na'ura ba. Ki jira ya natsu, ba lokacin da yake kuka ko shan nono ba. Ki ɗage rigarsa, ki kalli cikinsa, wani ya riƙe miki agogon waya minti ɗaya cur. Ɗagawa da sauka lissafi ɗaya ne. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60 akwai matsala. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In yaro na tari kuma lissafi ya kai nan, ranar za a kawo shi. Idan kuwa haƙarƙari na lotsawa, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi laushi yana ta barcin da ba a iya tashinsa, ko ya yi jijjiga, to ko tsakar dare ne a nemi abin hawa.

Wanda aka kawo da wuri, sau da yawa ƙwayar amoksisilin mai narkewa a cokali ta ishe shi, a sha ta har ƙarshen kwanakin da aka rubuta. Ban da ajiye ragowa don ƙaninsa in ya ga sauƙi a kwana biyu. Ruwan maganin tari da ake saya a kemis kuwa ba ya taɓa ƙwayar cutar, wani ma sa yaro barci yake yi, a ɗauka sauƙi ne ya samu.

Akwai abin da nake gani idan na shiga gidaje da sanyi, wanda ba na jin daɗinsa. Ɗaki a rufe ruf, an toshe taga da tsumma, ga kaskon wuta a tsakiya, yara biyar a kwance. Ko uwa na gaban murhu tana hura ɗanyen itace ko kara, idonta na hawaye, ga goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta kusan rabin mutuwar ƙananan yara ta ciwon huhu da hayaƙin girki na cikin gida. Na san ba kowa ke da halin gas ba, ni ma da gawayi nake girki rabin wata. Amma sauke goyo a miƙa wa yayarsa kafin a hura wuta, da girki a fili, da barin kafar da hayaƙi zai fita, ba sa cin ko sisi.

Gudawa kuma nata sunan daban: haƙori. Ban san sau nawa aka ce mini "zawon haƙori ne, Malama, in ya fito zai tsaya" ba. Ban ga laifin mai faɗa ba, domin ido ya ga abin da ya gani: wajen wata shida haƙori ke fara tsirowa, kuma wajen nan ne gudawa ke yawaita. Amma duba me yaro ke yi a wannan lokacin. Ya fara zama, ya fara rarrafe, dasashinsa na ƙaiƙayi, duk abin da ya tsinta sai baki: takalmi, kashin kaza, murfin buta. An fara ba shi kunu da ruwan randa. Ta nan ƙwayar cutar ke shiga. Haƙorin maƙwabci ne kawai da aka ɗora wa laifin ɓarawo.

Kuma gudawa ba da kanta take kisa ba, ƙarewar ruwan jiki ne. Jikin jariri ƙarami ne, zawo biyar ko shida da amai sun isa su tatse shi. Ido ya zurma, baki ya bushe, ya yi kuka ba hawaye, fitsari ya ɗauke, ki ja fatar cikinsa ki saki ta tsaya ba ta koma ba. Maɗiga ma ta faɗa. A nan ne ake kai yaro wajen mai ɗaga maɗiga, a shafa wani abu a ka, a danna ganɗa da yatsa. Maɗigar da ta faɗa ruwa take nema. A ba shi ruwan da ya dace, za ta taso da kanta.

Ruwan da ya dace shi ne na gishiri da sikari, wanda muke ce wa ORS. Ina son ba da tarihinsa, saboda mutane na raina shi don arharsa. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a kan iyakar Indiya. Ruwan ƙarin da ake sawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da gulukos a cikin ganguna, 'yan uwan marasa lafiya na ba su da kofi. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Sirrin shi ne hanji, ko yana cikin gudawa, yana iya tsotse gishiri in akwai sikari tare da shi, ruwa kuma ya bi gishirin ya koma jini. Daga 1980 wata ƙungiya mai suna BRAC ta tura mata gida gida a Bangaladash suna koya wa iyaye haɗa shi, har suka kai ga miliyoyin gidaje. Mu kuwa a Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara goma masu gudawa, huɗu ne kacal aka ba ORS.

Me ake ba sauran? Na sani, domin ina ganin ledar a hannun iyaye maza: Flagyl, da ja-da-yalo, wani lokaci har da maganin tsayar da zawo na manya. Yawancin gudawar yara ƙwayar bairos ce ke kawo ta, musamman wadda ake kira rota, kuma waɗannan magunguna ba sa yi mata komai. Mai tsayar da zawo kuwa haɗari ne ga ƙaramin yaro, yana iya kumbura masa ciki. Inda ake buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta shi ne idan akwai jini a kashin, wato atini, ko ana zargin kwalara, kuma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa.

Haɗin ba wuya. Ki wanke hannu da sabulu. Ki duba jikin ƙunshin, in na lita ɗaya ne ki juye shi duka cikin lita ɗaya na tsabtataccen ruwa, wato ledar ruwa mai 50cl guda biyu. Kada ki raba garin don tattali, kada ki ƙara sikari don ya yi daɗi. Duk zawo ɗaya, ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi kwata zuwa rabin kofin shayi, wanda ya haura haka rabi zuwa cikakken kofi. Da cokali, kaɗan kaɗan. In ya yi amai ki dakata minti goma ki ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Tare da shi akwai ƙwayar zinc, wadda tun 2004 aka ba da shawarar a riƙa haɗawa da ORS. Kullum sau ɗaya, kwana goma zuwa sha huɗu, ko da zawon ya tsaya a rana ta uku. A nan ne iyaye suka fi karya mini alkawari. Zinc ɗin yana gyara bangon hanji, yana kuma rage dawowar gudawar a watanni biyu zuwa uku masu zuwa, don haka wadda ta tsaya a kwana uku ta bar rabin amfanin a cikin kwali.

Nono kuma ba a dakatar da shi, abinci ba a janye shi. Masu cewa a huta wa ciki su sani yaron da aka hana abinci yana gudawa, tamowa ake kira masa. Yaro mai tamowa kuwa shi ne wanda ciwon huhu ke kayarwa cikin kwana biyu. Haka cututtukan nan suke miƙa wa juna yaro, ƙyanda ma in ta shigo ta buɗe musu ƙofa duka biyun. Shi ya sa rigakafinsu kusan ɗaya ne. Nono zalla wata shida, ba ruwa ba dauri, abin da binciken 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariranmu ke samu. Ruwan da ke cikin nono ya ishi jariri ko a zafin bazara, in uwar ta sha ta ƙoshi. Sai wanke hannu bayan an yi wa yaro tsarki da kafin a ba shi abinci, da zubar da kashin yaro a masai, don ba shi da wani tsarkin da ya fi na babba.

Sai katin rigakafi. Allurar penta, wadda Najeriya ta fara a 2012, tana ɗauke da kariya daga ɗaya cikin ƙwayoyin ciwon huhu. A ƙarshen 2014 aka fara shigo da PCV, ita ma ta huhu. A watan Agustan 2022 aka ƙara ɗigon rota na gudawa, wanda 'yan uwanmu na Nijar suka riga mu samu tun 2014. Sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, sannan ta ƙyanda a wata tara da wata goma sha biyar. Duk kyauta ne. Zazzaɓin kwana ɗaya da allura ke sawa, wanda saboda shi wasu magidanta ke hana a dawo, ba ya kama ƙafar kwana biyar a gadon asibiti.

Maigida, kai nake wa magana yanzu. Kafin ka fita kasuwa ko ka tafi ci-rani, ka bar izini a gida: in yaro ya fara saurin numfashi ko idonsa ya zurma, a tafi da shi, a kira ka daga hanya. Ka bar kuɗin mota a wurin da ta sani, ka bar lambar ɗan acaɓan da ka yarda da shi. Ƙunshin ORS biyu da katin zinc ɗaya, a sa su cikin kwanon da ake ajiye ashana.

Inna ta dawo da jikanta ranar awo bayan an sallame su. Kafin in ce komai ta ɗage masa riga da kanta, ta ce da uwar, "Ke, riƙe mini wayar nan." Ta ƙirga a fili, tana bin cikinsa da yatsa, ta samu 38. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ya wuce ko bai wuce ba?" Na ce bai wuce ba, Inna, mayar masa da rigarsa.