Baƙar fata ba rigakafin dajin fata ba ce

An daɗe ana cewa dajin fata ciwon Turawa ne da zabiya. Gaskiya baƙar fata tana rage illar rana, amma akwai wani nau'in melanoma, wato dajin fata mai haɗari, da babu ruwansa da rana. A tafin ƙafa yake fitowa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce: baƙin tabo mai yaɗuwa sannu a hankali, galibi ba zafi, shi ya sa ake raina shi. Shi ya kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, bayan an ɗauka raunin ƙwallo ne a yatsan ƙafarsa. Ido kaɗai ba ya tabbatarwa, ko na likita ne. Sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji.