Shugabancin Asibitin Likitan Iyali

Shugabancin asibitin likitan iyali shi ne jan ragamar ƙaramin asibitin da mutane ke fara zuwa da kowane irin ciwo kafin a tura su wurin ƙwararru, musamman inda likitocin da ke duba marasa lafiya su ne kuma masu wurin. Mai wannan matsayi yana ɗauke da nauyin sana'ar likita, wanda hukumar rajistar likitoci ke bin diddiginsa, sannan yana ɗauke da nauyin mai kamfani, wato albashin ma'aikata da hayar gini da haraji da bashi. An fi rubuta tarihin wannan tsari a Birtaniya, inda ya daɗe kuma ya kafu a cikin doka, shi ya sa akasarin bayanin da ake da shi daga can yake fitowa.

Asali

Likitan iyali a Ingila ya samo tushe ne daga masu haɗa magunguna, waɗanda tun farko 'yan kasuwa ne masu shago. Ƙungiyarsu ta Landan ta sami takardar amincewar sarki a 1617, kuma a 1704, a shari'ar wani mai haɗa magani mai suna William Rose, Majalisar Dattawan Ingila ta yanke cewa suna da ikon duba mara lafiya su ba shi magani, ko da yake kuɗin maganin kaɗai aka yarda su karɓa. Dokar 1815 ta wajabta musu horo da jarrabawa, ta 1858 kuma ta kafa majalisar da ke rajistar likitoci. Duk da haka sana'ar ba ta rabu da halinta na kasuwanci ba. Likita yakan sayi asibiti daga wanda zai yi ritaya, ya biya kuɗin gida da kayan aiki, ya kuma biya kuɗin sunan wurin da mutanen da suka saba zuwa, galibi da bashin da zai shafe shekaru yana biya.

Dokar inshorar ƙasa ta 1911, wadda ministan kuɗi na lokacin, David Lloyd George, ya jagoranta, ta kawo biyan likita gwargwadon yawan ma'aikatan da suka yi rajista da shi, ko sun yi ciwo ko ba su yi ba. Matan ma'aikatan da 'ya'yansu ba sa cikin shirin. Daga lokacin jerin sunayen masu rajista ya zama jarin asibiti, kuma har yanzu a kansa ake lissafin mafi yawan kuɗin shiga.

Daga 1948 zuwa 2004

Lokacin da ministan lafiya Aneurin Bevan ya kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, a ranar 5 ga Yuli 1948, manyan asibitoci sun koma hannun gwamnati, amma likitocin iyali sun ƙi zama ma'aikatan albashi. Sun ci gaba a matsayin 'yan kwangila masu zaman kansu. Gwamnati ta haramta sayar da sunan asibiti da jerin marasa lafiyarsa, ta ware fam miliyan 66 don biyan diyya. A wancan zamani da yawa daga cikin likitocin su kaɗai suke aiki, a ɗakin gaba na gidajensu ko a tsohon shago, matar likita ce ke buɗe ƙofa da ɗaukar waya da tsakar dare ba tare da albashi ba, bayanan marasa lafiya kuma suna cikin ƙananan ambulan na kwali da aka jera a kan kanta. Rahoton da wani likita mai suna Joseph Collings ya wallafa a mujallar likitanci ta Lancet a 1950 ya bayyana asibitoci da dama, musamman na garuruwan masana'antu, a matsayin wuraren da ba su da kayan gwaji kuma ba su da isasshen lokacin duba mutum. Bayan shekara biyu, a 1952, aka kafa kwalejin likitocin iyali.

Babban dalilin wannan koma baya yana cikin tsarin biyan kuɗi. Duk abin da likita ya kashe wajen gyara gini ko ɗaukar ma'aikaciyar jinya daga aljihunsa yake fita, don haka wanda ya inganta asibitinsa shi ne ke komawa gida da kuɗi kaɗan. Bayan likitoci sun yi barazanar ajiye aiki a 1965, aka cimma yarjejeniyar da ta fara aiki a 1966 a zamanin ministan lafiya Kenneth Robinson. Gwamnati ta amince ta mayar da kashi 70 cikin ɗari na albashin ma'aikata, ta biya kuɗin haya, ta ba da rance don gina asibitoci, ta kuma ba da ƙarin alawus ga likitocin da suka haɗu wuri ɗaya. Ana iya cewa daga nan ne maganar shugabanci ta fara da gaske, domin likitan da a da ba ya shugabantar kowa sai kansa ya wayi gari yana da abokan tarayya da ma'aikatan jinya da masu karɓar baƙi da sakatarori. Muƙamin manajan asibiti ya fara yaɗuwa a wajajen shekarun 1970, sau da yawa daga cikin tsofaffin masu karɓar baƙi, sannan ya ƙara nauyi bayan 1991, lokacin da aka ba wasu asibitoci kasafin kuɗi su saya wa marasa lafiyarsu aikin manyan asibitoci. An soke wannan shiri kafin ƙarshen shekarun 1990.

Kwangilar 2004 ta ɗauke yarjejeniya daga kan likita ɗaya ɗaya ta ɗora a kan asibitin gaba ɗaya, ta ba da damar sauke aikin dare da na ƙarshen mako, ta kuma ɗaure wani ɓangare na kuɗin shiga ga cimma ma'aunai a kula da cututtuka irin su hawan jini da ciwon sukari. Ta kuma buɗe ƙofa ga manaja ko ma'aikacin jinya ya zama abokin tarayya, muddin akwai likitan iyali a cikin masu riƙe da kwangilar.

Tarayya da haɗarinta

Mafi yawan waɗannan asibitoci suna tafiya ne a ƙarƙashin dokar tarayyar kasuwanci ta 1890, wadda ba ta sa iyaka ga bashin da ke kan abokan tarayya ba. Idan asibiti ya gaza biyan haya ko haƙƙin ma'aikatan da aka sallama, ana iya bin dukiyar kowane ɗayansu. Abokin tarayya ba ya karɓar albashi. Yana cirar kasonsa ne daga abin da ya rage bayan an biya kowa. Saboda haka takardar yarjejeniyar tarayya ta zama ginshiƙin zaman lafiyar wurin, domin ita ke fayyace rabon riba, da hutu, da abin da za a yi idan ɗaya ya daɗe yana jinya, da yadda sabon shiga zai sayi kasonsa na gini, da yadda za a fitar da wanda aka kasa zama da shi. Abin da masu wannan sana'a suka fi tsoro shi ne abokan tarayya su yi ta ficewa ɗaya bayan ɗaya har bashin ginin ya rage a wuyan mutum guda.

A al'ada wanda ya fi daɗewa shi ne babban abokin tarayya, ko yana da baiwar shugabanci ko ba shi da ita. Asibitoci da yawa sun koma zaɓen wanda zai jagoranta, suna raba sauran ayyuka, wani ya riƙe kuɗi, wani horar da sababbin likitoci, wani sa ido kan rubuta magani. Wahalar ita ce shugaban yana jagorantar tsararrakinsa ne, waɗanda kowannensu ke da ƙuri'a daidai da tasa, kuma ba zai iya ba ko ɗayansu umarni ba. Makarantun likitanci kuwa ba su cika koyar da lissafin kuɗi ko dokar ƙwadago ba, sai dai a koye su a bakin aiki.

Halin yanzu

Tun 2013 asibitocin likitan iyali a Ingila ke rajista da hukumar duba ingancin kulawa, CQC, kuma daga 2019 aka haɗa su rukuni rukuni, kowanne yana kula da mutane kimanin 30,000 zuwa 50,000. Yawan abokan tarayya yana raguwa, na likitocin da suka zaɓi albashi yana ƙaruwa.

Sauran ƙasashe

A Ostireliya, inda shirin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, ya fara a 1984, kamfanoni sun shiga sayen asibitocin likitocin iyali da yawa tun daga ƙarshen shekarun 1990. A Amurka wasu jihohi, kamar Kalifoniya da Texas, sun taƙaita ikon kamfanin da ba na likitoci ba na ɗaukar likita aiki, amma duk da haka likitocin da suka mallaki wuraren aikinsu yanzu ba su kai rabi ba. Jamus ta halatta cibiyoyin lafiya masu ɗaukar likitoci da albashi a 2004.

Saɓanin ra'ayi

Masu goyon bayan mallakar likitoci suna cewa tana rage kashe kuɗi kuma tana sa likita ya daɗe da marasa lafiyarsa. Masu suka suna cewa haɗarinta ya yi wa matasan likitoci yawa, kuma tana cinye lokacin da ya kamata a ba marasa lafiya.