Waiwaye: yadda maganar haƙƙin ɗan Adam ta iso kunnen Damagaram

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu a Zango, mai tuyar ƙosai, ta taɓa shigowa gidanmu bayan la'asar idanunta sun yi ja. An kama ɗanta, kwana biyar ke nan, ba wanda ya ce mata ga laifinsa. Ta zauna bakin tabarma ta ce: "Malam, kai da ka yi lakwal, wai akwai inda talaka ke kai kuka in an riƙe masa ɗa?" Na ce: "Akwai, Inna." Na faɗa mata doka ta ba masu bincike awa 48 ne, ba a ƙarawa sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, kuma akwai hukuma guda da aka kafa don irin wannan kuka. Ta yi shiru, can ta ce: "To, wa ya taɓa gaya mana?"

Har yau tambayar nan ba ta bar ni ba, domin dokar da hukumar duk sun girmi tashin hankalin Inna da shekaru.

Kafin 1990, muryar gwamnati kaɗai ake ji a rediyon ƙasar Nijar. Harbin ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairun 1990 ya girgiza mutane, a shekarar kuma jaridar Haske mai zaman kanta ta fito. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 aka yi babban taron ƙasa, wanda ɗan Damagaram, masanin tarihi André Salifou, ya shugabanta. Wannan taron ya koya wa jama'a abin da takarda ba za ta koyar ba: mutane a fada, ana dafa shayi an kewaye rediyo, suna jin ana titsiye manya da tambaya. A shekarar ne ƙungiyoyi irin su ANDDH, mai kare haƙƙin ɗan Adam, da Timidria, mai yaƙi da bauta, suka kafu.

Gwamnati ta biyo baya. An kafa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta farko a 1998, sannan kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamban 2010 ya tanadi sabuwa, CNDH. Dokarta ta fito a 2012, ta soma aiki a 2013 ƙarƙashin Farfesa Khalid Ikhiri, wanda ya daɗe yana jan ragamar ANDDH. Ƙa'idojin Paris da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1993 sun ɗora wa irin wannan hukuma nauyin sanar da jama'a haƙƙinsu ta hanyar ilimantarwa da kafafen labarai. Ashe waye kai yana cikin asalin aikin tun farko.

Sai dai da wane harshe? Doka da Faransanci take, rahoto da Faransanci, taron bita a zauren otal da Faransanci, alhali Inna da ire-irenta ba su ji. Kalmar ma da aka kawo, "ƴancin ɗan Adam", da yawa sun ɗauke ta kayan Turawa ne, wasu na jin an zo raba su da tarbiyyar ƴaƴansu. Amma ka ce wa Badamagare "an ci haƙƙinka" ko "wannan zalunci ne", ba ya neman tafinta. Ya ji su a bakin liman, ya ji su a ƙofar fadar Sarki a Birni, inda har gobe ake sasanta rigimar gona da ta aure. A ganina, duk wanda aka damƙa wa sadarwar irin wannan hukuma ya kasa gane haka, to ko ya cika gari da alluna, shuka yake a idon makwarwa.

Waɗanda suka cike giɓin, gidajen rediyo ne. Anfani, Shukura, Alternative, da ƙananan rediyoyin karkara da suka yaɗu bayan na farko a Bankilare a 1999. Shirin kira kai tsaye ya sauya komai: mai kabu-kabu ya tsaya gefen hanya ya kira, ya zayyana abin da aka yi masa har kuɗin wayarsa su ƙare, lauya a ɗakin shiri ya ba shi amsa da Hausa. Daga 2016 Studio Kalangou ya ƙara da shirye-shirye cikin harsunan ƙasa. Labarin Hadijatu Mani, wadda aka sayar a matsayin baiwa tun tana yarinya, shi ma ta wannan hanya ya shiga gidaje. Dokar 2003 ta haramta bauta, amma sai da kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ba ta gaskiya a Oktoban 2008, ta ce Nijar ta biya ta miliyan 10 na sefa, mutane suka yarda baiwa na iya kai ƙasa ƙara ta yi nasara.

Akwai inda magana kaɗai ta gaza. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin ƴan ci-rani 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram. An yi ta faɗakarwa bayan haka, tafiyar ba ta tsaya ba, domin an je ana gaya wa mata haɗarin hanya, su kuwa rumbu ne ya ƙare tun kafin bazara. Ba su rasa sanin hamada ba. Mai sauraronsu suka rasa.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya jingine kundin 2010, CNDH ta tafi tare da shi. A Maris na 2025 kuma sabon kundin da hukumomin soja suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da nake jira in gani shi ne ranar da za a rubuta dokar tsare mutum da Hausa, a manna ta inda ake tsare mutanen, a karanta ta a rediyo bayan labarun dare.

Ɗan Inna ya fito a kwana na bakwai, bayan mai unguwa ya sa baki. Da na je yi mata barka na tarar tana gaya wa matan da suka zo sayen ƙosai cewa awa 48 ne, kwana biyu, tana ƙirgawa da yatsu.